Ni da Inna da gwajin GCC

Jama'a ku zo ku ji abin da ya same ni a Gusau satin da ya wuce. Wani ɗan gyara na yi a GCC, kompailar nan mai juya C, yaren rubuta manhaja, zuwa yaren inji wadda Richard Stallman ya fara fitarwa tun 1987, layi uku kacal fa, amma ƙa'ida sai ka kunna gwaje-gwajensu ka tabbatar ba ka ɓata wani abu ba. Na buga make check, umarnin da ke kunna gwaje-gwajen, bayan magriba na bar laftof a falo saboda can soket mai kyau yake, na tashi da safe abu bai gama ba.

Nace yau sai na gano inda lokacin nan ke zurarewa. Na sa time a gaba, umarnin da ke auna lokacin da aiki ya ci, na sake kunnawa. Sakamako ya fito, real, wato lokacin agogon bango, awa 11, user da sys kuwa, wato lokacin da injin ya yi yana aiki, in ka haɗa ko awa 4 basu kai ba. Duk wanda ya san harkar ya san ma'anar wannan, injin ba aiki yake ba, zaman jira yake, to jiran wa? Nan na fara rabon laifi, na zagi DejaGnu, manhajar da ke gudanar da gwaje-gwajen, na zagi expect da Tcl, yarukan da aka rubuta shi da su, nace kayan kakanni ne, har zafin gari sai da na tuhuma na jera ledojin fiya wata masu sanyi gefen laftof kamar mai jinyar zazzaɓi.

Dare na uku na haɗa da umarnin ts don kowane layi ya fito da lokacinsa. Sai ga rami, daga 10:40 na dare har 5:30 na asuba ba ko layi ɗaya, kuma daidai kan gcc.c-torture ya tsaya, wurin da ake ɗaukar fayil guda a gasa shi da matakan ingantawa daban-daban, -O0, -O1, -O2, -O3 da -Os. Nace alhamdulillahi ɓarawo ya shiga hannu! Har na fara rubuta ƙorafi da turancina mai sanda. Allah ya taimake ni na sake gwadawa, ramin ya koma kan gwajin C++ amma lokacin bai motsa ba, bayan shirin kwanciya zuwa kiran assalatu. Wace irin kompaila ce wannan mai tashi sallar asuba?

Na laɓe a falo na kashe fitila. Goma da rabi ta ɗan gota sai ga Inna da tocila, ta rufe murfin laftof a hankali ta lulluɓe shi da ɗankwali, shi kuwa da an rufe murfi barci yake shiga, aiki ya tsaya. Nace Inna lafiya?? Tace "yo kai ba ka jin nishin da takai? Tun magriba abar ga ke huci, ka bar ta ta yi kwana mana, ko jaki ana sauke mai kaya." Da asuba in ta fito alwala ita ke buɗe ta, wai ta sha iska.

Na yi mata bayani tace to. Ban yarda da to ɗin nan ba, na shiga fayil ɗin saiti na logind.conf na sa HandleLidSwitch=ignore, ko an rufe aiki ya ci gaba. Daren nan Inna taji an rufe amma nishi bai tsaya ba, tace sanyi ne ya kama ta, ta ƙara mata bargo. Da safe na tarar laftof ta ɗau zafi ta kashe kanta, gwaji ko rabi bai kai ba.