Fuskar rediyona

Motata Golf ce wadda ta ga jiya ta ga yau, amma rediyon da ke cikinta Pioneer ne sabo dal. Abokaina na Mabera kan ce duk ɓarawon da ya san aikinsa zai ɗauke rediyon ya bar mini motar sadaka. Da aka fasa gilashin maƙwabcina aka zare nasa, sai na garzaya wajen mai gyaran wayoyin mota.

"Alhaji, kwantar da hankalinka, wagga mota ko aljani ba shi taɓa ta," in ji shi. Ya ɓoye wani makunni ƙarƙashin kujera, wanda ke yanke wa famfon mai wuta, ta yadda ko an murza makulli injin ba zai tashi ba. Ya sayar mini da ƙarfen kulle sitiyari, ya kuma ɗaura mini jiniya.

Jiniyar nan ba ta san ɓarawo ba, awaki ta sani. Kowa ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu, ma'auni ya haura 40, akuya kuwa ba ta da inuwar da ta fi ƙarƙashin mota. Da ta soshe bayanta a jikin taya, sai unguwa ta ɗauka. Kabu-kabu ya wuce da ƙarfi, ta ɗauka. Wani dare na fito da taɓarya da gajeren wando, na tarar da bunsurun Malam Liman yana tuƙa, yana kallona. Da asuba Malam ya riƙe hannuna bayan sallama: "Alhaji, ladan ɗaya ya ishe mu."

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce ta fuska. Irin wannan rediyo ana ɓalle fuskarsa, kuma in babu ita gangar jikin ba ta ko tari. Don haka duk inda na tsaya, sai na kulle sitiyari, na laluba ƙarƙashin kujera, na ɓalle fuska na jefa aljihu. Uwargida ta ce kafin in gama wannan hidima, wanda ya taho a ƙasa daga Runjin Sambo ya riga ni shiga gidan biki.

Wata Juma'a na kutsa cunkoso bayan an idar da salla, fuska na cikin aljihun gaba, a 'yar jakarta baƙa. Ɗan sane ya hango tudu ya zaci babbar waya ce. Na iso mota na same ta lafiya lau, ba a taɓa ko madubi ba, aljihu ne kawai aka yi wa kaciya da reza.

Na koma gida shiru, ba labaran Rediyon Rima, ba wa'azi, sai ƙarar salansa.

Washegari na zaga wajen masu tsofaffin kayan mota. Wani saurayi ya jawo akwati ya ɗauko fuska iri ɗaya sak, har da tsagar da ɗan autana ya yi mata da cokali. Na ce, "Yaro, wannan ai tawa ce."

"Baba, Pioneer duk kama su kai," ya ce, ya yanka mini kuɗin da ya kusa rabin sabon rediyo. Na yi salati na juya. Har na kai ƙofa ya kira ni: "Baba, in ta yi maka tsada, ka saida min gangar jikin mana. Ai ba ta da amfani gare ka yanzu."