An bar jaki ana dukan taiki: ba Parth Samthaan ne ya kashe ACP Pradyuman ba

Jiya da daddare wani ya sake ɗora hoton ɗan wasan Indiya Parth Samthaan a zauren da muke tattauna CID, shirin talabijin na Indiya mai dogon zango kan 'yan sandan bincike, ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa masu kallo sun kore shi kuma sun yi nasara. Nan take jama'a suka yi masa caa, kowa yana jifansa da kalmar da ta zo bakinsa, har da masu yi masa fatan kada ya ƙara samun aiki a rayuwarsa. Tun watan Afrilun 2025 nake ganin irin wannan ina kawar da kai, amma jiya haƙurina ya ƙare. Jama'a, ba Parth ne ya dasa bam ɗin da aka ce ya hallaka ACP (mataimakin kwamishinan 'yan sanda) Pradyuman, shugaban jami'an da ke cikin shirin, ba. Ba shi ya rubuta labarin ba, kuma ba shi ya wallafa sanarwar makokin da tashar Sony ta fitar kamar an yi rashin gaske ba. Kiransa aka yi aiki ya amsa, aka miƙa masa takarda ya haddace, aka ce daga yau sunansa ACP Ayushmann, wanda zai gaji kujerar Pradyuman. Iyakar laifinsa ke nan, idan har neman abinci laifi ne.

To, barkanku da nasara, mayaƙan kan katifa. Kun yi gumurzu da babban yatsa dare da rana, bayan 'yan makonni an dawo muku da dattijonku Pradyuman da ransa, kuna ta taya juna murna kamar kun ƙwato gari daga hannun abokan gaba. Abin da ba ku tsaya kun tambayi kanku ba shi ne, wa ya ci ribar wannan hayaniyar? Duk wanda ya daɗe yana kallon shirye-shiryen Indiya masu dogon zango ya san cewa mutuwa a cikinsu ba ta da tabbas, domin wanda aka yi wa zaman makoki a wannan watan yana iya turo ƙofa ya shigo a wata mai zuwa. A ganina masu shirin sun sami abin da ya fi kowace talla, wato sunan CID ya koma bakin mutanen da suka yi shekaru ba su kunna shi ba. Marubuta da furodusoshi da masu tasha, waɗanda su ne ke yanke shawarar wanda zai mutu da wanda zai tashi, suna zaune a ofisoshinsu ba wanda ya san fuskarsu, saurayin da aka tura gaba shi ne ya sha duwatsun.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda masu zagin suke rantsuwa da Abhijeet, wai shi da abokin aikinsa Daya da shugabansu Pradyuman su ne asalin CID, kada wanda ya kuskura ya taɓa su. Ashe ba su san cewa Abhijeet ɗin kansa magaji ne ba. Lokacin da shirin ya fara a watan Janairun 1998, babban sufeton da ke tsaye kusa da Pradyuman shi ne Virendra, kuma wanda ya fito a matsayinsa shi ne Ashutosh Gowariker, mutumin da ya bar shirin ya je ya ba da umarnin fim ɗin Lagaan na 2001. Aditya Srivastava kuwa, wanda kuke kira Abhijeet, da farko a matsayin mai laifi ya fara leƙowa cikin shirin, daga baya aka ɗauke shi aka sa shi a gurbin da aka bari. Da a ce a wancan lokacin akwai Facebook da Instagram, kuma akwai irinku riƙe da waya, da kun yi masa ruwan ashar har ya tattara komatsansa, da yau babu Abhijeet ɗin da kuke kuka dominsa. An ba shi lokaci ne, ido ya saba da shi, har ya zama ɗan gida. Hausawa suka ce sabo turken wawa, kuma ban faɗi haka don in zagi kowa ba, domin ni ma a ɗaure nake a wannan turken.

Na san abin da za a ce mini, wai sun girma da Pradyuman, ba za su iya kallon wani a kujerarsa ba. Ni ma da shi na girma. A ɗakin kawuna muke taruwa, janareta yana ruri a tsakar gida, ba mu jin yaren sosai amma muna gane komai, kuma da zarar Pradyuman ya ɗaga gira ya fara juya 'yan yatsunsa alamar akwai lauje cikin naɗi, sai kawu ya ajiye kofin shayinsa ya kwaikwaye shi, mu kuma mu fashe da dariya. Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma har gobe idan na ga wannan hannun yana juyawa shi nake tunawa. Saboda haka kada wani ya koya mini ƙaunar wannan shiri. Sai dai ƙaunar ba ta ba ni lasisin tsine wa ɗan wani ba, wanda bai san kawuna ba, bai kuma raba ni da komai ba.

Wasu kuma cewa suke yi Parth jarumin soyayya ne, an san shi da Anurag a Kasautii Zindagii Kay, bai dace da ɗan sanda ba. Wannan magana ce da za a iya zama a tattauna, ni ma ban ce ya burge ni a fitowarsa ta farko ba. Amma auna wanda ya yi 'yan makonni da wanda ya yi shekara 20 yana abu ɗaya, a shiri sama da 1,500 kafin a dakatar da shi a watan Oktoban 2018, ba adalci ba ne. Kuma akwai tazara mai nisa tsakanin a ce wasansa bai yi armashi ba da a ce Allah ya hana shi aiki. Ta farkon sharhi ce, ta biyun rashin tarbiyya ce.

Ga gaskiyar da ba a son ji. An haifi Shivaji Satam, wanda yake fitowa a matsayin Pradyuman, a 1950, wato a watan da aka tayar da wannan ƙurar ya cika shekara 75. Da ɗan sandan gaske ne da tuni ya yi ritaya yana wasa da jikoki, kuma da an tausaya masa an yi masa ƙarin girma ko sau ɗaya, ba a bar shi a muƙami ɗaya tun ƙarnin da ya wuce ba. Wata rana zai ajiye wannan rawar da gaske, ko don gajiya ko don abin da ke jiran kowa. Mun riga mun ɗanɗana irin wannan, domin Dinesh Phadnis, wanda ya fito a matsayin Fredricks mai ba mu dariya da tsoron fatalwa da tsoron matarsa, ya rasu a watan Disamban 2023, kuma da shirin ya dawo a watan Disamban 2024 babu shi a ciki. Wannan rashin babu ihun da zai gyara shi, babu marubucin da zai dawo da shi a mako na gaba. To ranar da kujerar Pradyuman ta zama babu kowa da gaske, wane ɗan wasa ne mai hankali zai yarda ya zauna a kai, bayan ya ga abin da kuka yi wa na farko? Kun hana shirin koyon rayuwa ba tare da mutum ɗaya ba, sannan kuna kiran hakan biyayya.

Idan har dole sai an yi fushi, a kai shi inda ya dace, a tambayi masu shirin dalilin da ya sa suka yi wasa da zukatan mutane da sanarwar mutuwa. Kuma tunda an zo tambaya, ni akwai wadda ta fi damuna tun ina yaro a ɗakin kawu, wato wa yake biyan kafintan da ke gyara ƙofofin da Daya yake ɓallawa? Shekara da shekaru mutumin nan yana dukan ƙofofin bayin Allah a birnin Mumbai, kuma ban tuna ranar da na ga ya fara murɗa mariƙin ya duba ko a buɗe take ba.