Ƙasa Shaida Ce da Ba a Yi Wa Tambaya Sau Biyu

Akwai tambayar da ake yawan jefa wa masu binciken kufai, kuma ba tambayar banza ba ce. Wanda yake tonon zamanin da ba a san rubutu ba, kowa ya gane uzurinsa, tunda ba shi da wata hanya. To amma wanda ya duƙufa yana tonon garin da aka yi shekara 300 ko 500 da suka wuce, lokacin da akwai littattafai da wasiƙu da taswira da takardun haraji, me yake nema? Me tsingaro zai faɗa wanda marubuta ba su riga sun faɗa ba?

Amsar ita ce, mai riƙe da alƙalami shi ke zaɓen wanda zai shiga tarihi. Sarakuna da malamai da attajirai da magatakardan gwamnati su ne suka yi rubutu, kuma abin da ya dame su suka rubuta: yaƙi, sarauta, haraji, gado. Bawa in ya shiga takarda, a cikin lissafin dukiya yake shiga. Maƙeri da maginiyar tukwane da yaron da ya mutu yana goye, yawanci ko hakan ba su samu ba. Juji kuwa ba ya zaɓe, kabari ma haka. Duk wanda ya rayu ya bar toka, ya bar ƙashi, ya bar fasasshen kasko, kuma waɗannan ba a ajiye su don a burge kowa ba. Shi ya sa nake ganin binciken kufai na zamanin da ke da rubutu yana cikin ayyukan ilmi da suka fi cancantar a kashe musu kuɗi, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

A 1991 gwamnatin tarayyar Amurka ta fara haƙa harsashin wani dogon ginin ofisoshi a tsakiyar birnin Niyok. A ƙarƙashin ƙasar da aka yi ta cikowa tsawon ƙarni biyu, sai aka iske maƙabartar baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, ta ƙarni na 17 da na 18. An tono gawarwaki 419, an kuma ƙiyasta cewa waɗanda aka binne a wurin sun kai 15,000. Ba wai takardu ba su ambaci bauta a Niyok ba; sun ambata, kuma sananne ne cewa sai a 1827 aka kammala soke ta a jihar. Amma mutane da yawa sun girma da tunanin cewa bauta al'amarin kudancin Amurka ne, na gonakin auduga. Gani ya kori ji. Ƙasusuwan da masana ƙarƙashin jagorancin Michael Blakey suka bincika a Jami'ar Howard sun nuna gaɓoɓin da ɗaukar kaya masu nauyi ya cinye, sun nuna alamun yunwa a haƙora, kuma kaso mai yawa na mamatan ƙananan yara ne. Akwai wata matashiya da aka samu harsashin bindiga a maƙale a haƙarƙarinta. Akwai wata dattijuwa da aka binne da jigidar duwatsu da wuri a ƙugunta, haƙoranta na gaba a fiƙe irin na wasu al'ummomin Afirka. Wani ne ya tsaya ya shirya gawarta, ya bar mata jigidarta, a garin da doka take ɗaukarta a matsayin kaya. Babu takardar da ta rubuta wannan, kuma babu wadda za ta rubuta.

Ba a samu wannan cikin ruwan sanyi ba. Da farko gaggawa aka yi ta yi don gini ya ci gaba, har injin haƙa ya lalata wasu kaburbura. Sai da jikokin bayi mazauna birnin suka tashi tsaye, majalisar dokoki ta sa baki, sannan aka dakatar da tonon. An sake binne mamatan cikin girmamawa a 2003, aka mai da wurin abin tunawa na ƙasa a 2006. Da jama'a sun yi shiru, da yau bene ne kawai a wurin.

Sai dai kada a ɗauka duk wanda ya ɗauki shebur gaskiya yake nema. Kufan Babbar Zimbabwe, da ganuwarta ta duwatsu da aka jera ba tare da laka ko siminti ba, misali ne mai ciwo. Tun da Bajamushe Karl Mauch ya kai wurin a 1871 Turawa suka kafe cewa ba 'yan Afirka suka gina shi ba. Wasu suka ce Finikiyawa ne, wato wasu tsofaffin fatake na gabar Bahar Rum, wasu suka ce fadar Sarauniyar Saba ce. Daga 1902 zuwa 1904 aka damƙa wurin a hannun wani ɗan jarida, Richard Hall, wanda ya kwashe ƙasar da ta taru a cikin gine-ginen ya zubar, yana ganin dattin baƙaƙen fata ne da ya rufe aikin wasu fararen baƙi. Abin da ya zubar shi ne tarihin wurin. A 1905 masanin kufai David Randall-MacIver ya bincika ya ce ginin 'yan ƙasa ne. A 1929 Gertrude Caton-Thompson ta zaɓi wuraren da Hall bai taɓa ba, ta tona a hankali hawa bayan hawa, ta tabbatar da haka. Yau an san birnin ya bunƙasa tsakanin ƙarni na 11 da na 15, kakannin al'ummar Shona ne suka gina shi, kuma tangaran na Sin da na Farisa da aka samu a ciki ta hanyar fatauci suka zo. Duk da haka gwamnatin fararen fata ta Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, ta ci gaba da matsa wa masana lamba, har Peter Garlake ya bar ƙasar a 1970. Gaskiya ta yi halinta daga ƙarshe, amma ƙasar da Hall ya kwashe ba ta dawo ba.

A nan ne zuciyar maganar take, kuma a nan ne mutane suka fi kuskure. Darajar abin da aka tono ba a jikinsa take ba, tana wurin da aka same shi. Mai bincike ya durƙusa a cikin rami da ƙaramin cokalin magina da buroshi, ya ga baƙin layi na gawayi, a ƙarƙashinsa daɓen ɗaki, a kan daɓen tsingaro da kashin ƙarfe da ƙwayar hatsi da ta ƙone. Kafin ya ɗaga komai sai ya auna zurfi, ya zana, ya ɗauki hoto, ya ba kowane abu lamba, ya tankaɗe ƙasar da ya kwasa a rariya. Gawayin nan za a kai shi ɗakin gwaji a auna sinadarin kabon 14 da ya rage a cikinsa, wanda rabinsa ke zagwanyewa a duk shekara 5,730, a san lokacin da icen ya mutu. Daga nan a san shekarun daɓen, a san shekarun tukunyar, a san abin da mutanen gidan suke ci da sana'ar da suke yi. Zare tukunyar daga wurinta ka kai ta kasuwa, duk wannan sarƙar ta tsinke. Kuma shi kansa tonon ɓarna ne: ramin da aka tona ba ya komawa yadda yake. Bambancin masani da ɓarawon kufai shi ne, ɗaya ya rubuta abin da ya rushe, ɗaya bai rubuta ba.

Dubi abin da ya faru da mutum-mutumin yumɓu na Nok, a Najeriya. An fara cin karo da su a 1928 wurin haƙar kuza, masanin kufai Bernard Fagg ya fito da su ga duniya a shekarun 1940. Da farashinsu ya tashi a kasuwannin Turai, sai aka yi ta haƙe kufai ba ji ba gani, musamman a shekarun 1990. Mafi yawan waɗanda ke gidajen tarihi da gidajen attajirai a ƙasashen waje, ba wanda zai iya nuna ramin da suka fito. Suna da kyau, amma bebaye ne. Da masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt tare da takwarorinsu na Najeriya suka fara tonon ƙa'ida daga 2005, sai suka ga kusan kullum a farfashe ake samun mutum-mutumin, an jibge su a ramuka kamar da gangan. Suka samu ƙonannen gero da wake. Daga baya, gwajin da aka yi wa tsingaro ya nuna alamar kakin zuma a cikin kusan kashi ɗaya bisa uku na tukwanen da aka auna, shaidar cewa mutanen suna ɗiban zuma shekara 3,500 da suka wuce. Tsingaron da ɓarawo yake shurewa da ƙafa don ya kai ga kan mutum-mutumi, shi ne ya ba da wannan labari.

Haka a Mali. Tonon da Roderick da Susan McIntosh suka fara a Jenne-jeno a 1977 ya nuna an zauna a wurin tun wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ya zama birni tun kafin fataucin Larabawa ta Sahara ya kankama. Wannan ya rusa wata tsohuwar fahimta da aka gina a kan littattafai kaɗai, cewa daga waje aka kawo wa yankin zaman birni. A daidai lokacin kuma tuddan kufai ɗaruruwa da ke kewaye suna shan haƙa don a cika shagunan dillalai a Faris da Burasel. Ban ɗora babban laifin a kan manomin da fari ya kora ya ɗauki diga ba. Abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da dillali ke samu. Mai saye shi ne ke tona ramin, ko da bai taɓa riƙe shebur ba. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana irin wannan fatauci, amma ba ta komawa baya, kuma takardar asali ta jabu ba ta da wuyar samu.

Yanzu hankalin duniya ya karkata ga mayar da kayan da aka kwashe, kamar tagullan Benin da sojojin Birtaniya suka wawashe a 1897, waɗanda Jamus ta miƙa mallakar fiye da 1,000 daga cikinsu a 2022. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Abin da aka ƙwace da bakin bindiga a mayar wa masu shi. Damuwata ita ce bikin karɓar kaya yana da daɗin ɗauka a kyamara, shi kuwa aikin da ya fi gaggawa ba shi da kyan gani. A ranar da minista yake karɓar mutum-mutumi ɗaya a filin jirgin sama, katafila tana iya share kufan gari guda don hanya ko madatsar ruwa ko rukunin gidaje, ba tare da wani ya leƙa ba. Abin da ke gidan tarihi na waje ana iya dawo da shi baɗi ko bayan shekara 50. Abin da katafila ta niƙe ba shi da ranar dawowa.

Za a ce ƙasa mai fama da talauci ba ta da sukunin tsayar da aikin hanya saboda fasassun tukwane. Na fahimci wannan, kuma ba na cikin masu son a daskarar da kowane tudu. Amma ba tsayar da aiki ake nema ba, dubawa ake nema kafin a fara. Ingila ta kafa ƙa'ida a 1990 cewa mai gini shi zai biya kuɗin binciken filin da zai tona, ƙasashen Turai kuma suka ɗauki irin wannan hanya a yarjejeniyar Valletta ta 1992. Idan aka yi binciken tun ana zana taswirar aiki, sau da yawa karkatar da hanya kaɗan ya wadatar, ko a tona a rubuta cikin 'yan watanni a ba magina wuri. Tsada tana zuwa ne idan an ci karo da kaburbura bayan injuna sun shiga fili. A Riyo ta Barazil, aikin gyaran unguwar tashar jiragen ruwa ne ya bankaɗo matsayar Valongo a 2011, inda aka sauke bayi 'yan Afirka kusan 900,000. An kiyaye wurin, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2017, gyaran unguwar kuma bai fasa ba.

Su ma masanan akwai nasu kason. A ƙasashe da dama akwai tonon da aka gama shekaru aru-aru ba a fitar da rahotonsa ba. Jagoran aikin ya yi ritaya ko ya rasu, littattafan da ya rubuta a fili sun ɓace, kayan suna cikin buhuna a ɗakin ajiya, gara ta cinye takardun lambobinsu. Irin wannan tonon, a sakamako, bai da maraba da sata. Gobarar da ta cinye gidan tarihi na ƙasar Barazil a 2018, mai ɗauke da kaya kusan miliyan 20, ta nuna cewa shigar abu gidan tarihi ba shi ne tsirarsa ba, matuƙar ba a kula da rufi da wayar lantarki da rajista. Sannan akwai rahoton da aka wallafa, amma a mujallar da sai an biya kuɗi mai yawa, cikin harshen da mutanen da aka tona bayan gidajensu ba sa ji. Mutumin da ba a taɓa gaya masa abin da aka samu a gonarsa ba, da wane dalili zai kori dillali idan ya zo?

Don haka hukumomin da ke ba da izinin tono suna da makami a hannunsu da ba ya buƙatar kasafi mai yawa. Kada a ba kowa, ɗan ƙasa ko baƙo, izinin buɗe sabon rami sai ya miƙa cikakken rahoton na baya, ya ajiye kwafin zane-zanensa da hotunansa a ƙasar da ya yi aikin, ya nuna kuɗin adana abin da zai tono a cikin kasafinsa, sannan ya koma garin ya yi wa mutanensa bayanin abin da ya gano da harshensu.