Mesa, Kasa da Boka a Ɗakina

A shekarata ta farko a jami'a aka ce kowane ɗalibin sashenmu ya zaɓi harshen waje guda ɗaya, ni kuwa na zaɓi Sifaniyanci, ba don wani dogon nazari ba, sai don na shafe shekaru ina kallon Real Madrid da Barcelona a gidan kallon ƙwallo a Nima, unguwarmu da ke Accra ta ƙasar Ghana, har na ɗauka cewa wanda ya iya ihun "gol" ya riga ya ci rabin harshen.

Makonnin farko sun ƙara fasa mini kai. Yayin da abokan ajina suke fama da bambancin pero, wato amma, da perro, wato kare, ni harshena kaɗawa kawai yake yi, domin Bahaushe ya saba da "ra" iri biyu tun yana goye. Malamarmu ta bayyana mana cewa Musulmi sun yi mulki a sassan Sifaniya daga shekarar 711 zuwa 1492, kuma sun bar kalmomin Larabci masu yawa. Da na ji cewa alcalde, magajin gari, tushensa ɗaya da alƙali, hasta kuma 'yar'uwar hatta ce, sai na gyara zama kamar wanda aka kira rabon gado. Da aka zo kan jinsi, aka ce yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne, na ce ai wannan riga ce da hula da mota. Hausarmu ta Zango ba ta cika damuwa da "ya" da "ta" ba, amma kakata Hajiya, wadda iyayenta suka zo daga Kano fataucin goro, ta yi ta gyara mini su da ranƙwashi tun ina yaro.

Wata ranar Laraba aka ba mu kalmomin gida da na jiki mu haddace. Da dare aka ɗauke wuta, na kunna fitilar waya, na zauna a kan tabarma ina rangaji kamar almajiri, ina maimaitawa da ƙarfi: la mesa, la casa, la boca, la cama. Tebur ke nan da gida da baki da gado. Abin da ban lura da shi ba shi ne, harafin "c" a nan "k" ake karanta shi, kuma bangon da ya raba ɗakina da na Hajiya katako ne. Abin da ya isa kunnenta cikin duhu shi ne muryar jikanta yana ambaton mesa da kasa da boka da kama, ba tsayawa, har kusan rabin sa'a.

Sai ji na yi an banko ƙofa. Ga Hajiya da taɓarya, a bayanta maƙwabcinmu mai sayar da shayi riƙe da adda, matarsa kuma tana ta salati.

"Maigida, ina macizan suke? Wane bokan ne ya kama ka?"

Na miƙe cikin ladabi na nuna teburin karatuna na ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan ita ce mesa." A nan na ƙarasa ɓata lamarin. Ta dubi teburin, ta dubi mai shayi, ta ce, "Ka ji ko? Boko ya taɓa shi."

Washegari bayan asuba aka kira malamin unguwa. Na zayyana masa batun Andalus da alcalde, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, amma da yake Hajiya ta riga ta ba da sadakar sidi 20, sai ya ce rubutu ba ya cutar da mai lafiya. Kwana bakwai ina sha kafin in hau trotro, wato motar haya.

Ranar jarrabawar baka na shiga da ƙarfin gwiwa, na ce la problema, na ƙara da la día da la mapa, malama kuwa tana bina da el, el, el, domin ashe waɗannan maza ne masu sanye da zane. Da ta ce in gabatar da iyalina, na danna muryar a gaɓar farko na ce mi papa maimakon mi papá, wato babana, sai ta tambaye ni cikin natsuwa ko dankali ne yake sayar da atamfa a kasuwar Nima ko kuwa Fafaroma.

Da ƙyar na tsira da C. Hajiya ta ce ba don rubutun nan ba da ko ita ban samu ba. Teburin kuwa tuni ta sa yara suka fitar da shi tsakar gida, kuma har yau ba ta yarda a ɗora kwanon tuwonta a kansa.