Jar hula ko koriya, ba ita ke yin kwamando ba

Kun dai ji muryar nan da ke yawo a WhatsApp tun jiya, wai a kwashi samarin fada (majalisar hira ta unguwa) daga Birni da Sabon Gari na Damagaram, a ba su kaki da bindiga, cikin mako biyu an samu kwamandon ruwa da za su share tafkin Cadi. Sannu janar! Mutumin da ko tafkin unguwarsu bai taɓa ƙetarewa da iyo ba.

Kwamando zaɓe ne da horo, ba suna ba ne.

Ku dubi yadda Philippe Kieffer, hafsan sojan ruwan Faransa, ya kafa tasa rundunar kwamando a 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu. Ma'aikacin banki ne, ya haura shekara 40, amma bai tara jama'a a titi ba. Daga cikin sojojin ruwan Faransa da suka tsere Ingila ya ɗebi masu sa kai, aka tura su Achnacarry, sansanin horo na Sikotilan. Da ka sauka jirgin ƙasa a Spean Bridge, babu mota: kilomita wajen 11 a ƙafa da kaya a baya. A bakin sansani kaburburan ƙarya ne jere, kowanne an rubuta kuskuren da ya kashe mai shi. Atisayen sauka daga kwalekwale da harsashi na gaske ake yi. Ka gaza, a maida kai bataliyarka, ba roƙo. Bayan shekara biyu, ranar 6 ga Yuni 1944, mutum nawa nasa suka sauka Ouistreham, a gaɓar Faransa? 177 kacal. Shekara biyu fa, ba mako biyu ba.

Wani zai ce ai samarinmu suna da zuciya. Waɗanda suka mutu a farmakin Dieppe, wani garin gaɓar Faransa, a Agusta 1942 ba su da ita ne? Tankoki suka maƙale cikin tsakuwar gaɓa, ƴan Kanada sama da 900 suka halaka a yini guda. Zuciya ba ta gyara shirin banza.

Tafkin Cadi kuma nasa sharrin daban. Ruwan ba zurfi, ciyawa na naɗe farfelar inji, sai jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, da sandar turawa a ajiye. Soja ɗauke da kilo 20 ya zame cikin ruwa, in bai koyi kwance kayansa da sauri ba, ya tafi. Laka ta shiga bindiga, ta ƙi tashi. Hanyoyin ruwa suna sauyawa da damina, in babu masuntan Buduma a gaba, ɓata za a yi. Wallahi duk mai tuna sojojin Nijar da muka rasa a harin Boko Haram na tsibirin Karamga a Afrilu 2015 ba zai yi wasa da wannan magana ba. Ƴaƴan mutane ne.