Rommel: wayon dila, tankin mai a bushe

Da wuya a yi hirar Yaƙin Duniya na Biyu a majalisar masu son tarihi ba a ambaci Erwin Rommel, janar ɗin sojan Jamus, ba. Turawa sun yi masa laƙabi da yanyawar hamada. Da a ƙasar Hausa ne, dila za a ce, sarkin wayo. Ni kuwa na daɗe ina ganin an zuzuta mutumin nan fiye da kima.

Jarumta kam ba a ja masa. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana ƙaramin hafsa, ya haye tsaunin Matajur a fagen daga na Italiya da 'yan tsirarun dakaru, ya kamo fursunoni kusan 9,000. A 1940 rundunar tankokinsa ta keta Faransa da gudun da har manyansa kan rasa inda take. Sai dai a tuna, asalinsa sojan ƙafa ne, ba na tanki ba, kuma ya samu tankokin nan ne bayan ya shugabanci dakarun da ke gadin Hitler a 1939. Yana da uwa a gindin murhu.

Ya sauka Tarabulus ranar 12 ga Fabrairun 1941 da umarnin ya tare wa Italiyawa gaba kawai, kada Libiya ta suɓuce. Bai cika wata biyu ba ya kutsa gabas, har Berlin ta turo Janar Paulus ya zo ya ja masa linzami. A Yunin 1942 ya ci Tobruk, garin bakin teku a gabashin Libiya da ke hannun Ingilishi, ya kama mutum sama da 30,000, Hitler ya ba shi muƙamin Fil Mashal. Wani abin da masu yabonsa ba su cika faɗa ba: har zuwa wannan lokaci ana kai masa rahotannin sirri da wani jami'in sojan Amurka ke aikawa daga Alƙahira, domin an riga an sace mabuɗin saƙonnin. Wanda ke leƙen katin abokin wasansa ai dole a ce ya iya karta.

Daga nan ne ya yi kuskuren da ya cinye shi. An shirya a fara kama tsibirin Malta, inda jiragen Ingila ke tashi suna nutsar da jiragen ruwan da ke kawo masa mai da harsashi. Rommel ya dage a bar Malta, a bi abokan gaba har Masar tun suna cikin ruɗu. Hitler ya amince.

To, daga Tarabulus zuwa El Alamein, inda Ingilishi suka ja daga a Masar, kusan kilomita 2,000 ne, ya fi nisan Legas zuwa Maiduguri, a kan titi ƙwaya ɗaya da ke bin gaɓar teku. Benghazi da Tobruk sun fi kusa, amma tashoshinsu ba sa ɗaukar kaya da yawa. Duk direban babbar mota ya san lissafin: motar da ta ɗauko durom-durom na fetur sai ta sha kaso mai yawa kafin ta isa, ga na dawowa, ga rairayi na cin inji, ga jirage na shawagi a sama. Su kuwa Ingilishi, Iskandariya na bayansu da kimanin kilomita 100. Har ta ƙasarmu aka yi musu hanya: ana harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, su yada zango a Kano da Maiduguri, su bi ta Khartum zuwa Masar, dubbai.

Da Montgomery, kwamandan sojan Ingila, ya buɗe wuta a El Alamein ranar 23 ga Oktoban 1942, Rommel na jinya a Turai. Ya dawo ya tarar da tankoki ba man da za su yi wani dogon motsi. Ranar 4 ga Nuwamba ya juya baya, duk da Hitler ya ce ko nasara ko mutuwa.

Masu kare shi kan ce Hitler ne ya hana shi kayan aiki saboda yaƙin Rasha. Haka ne. Amma ai ya san da hakan tun kafin ya tashi, kuma janar ba kurtu ba ne. Ƙidayar durom aikinsa ne.

Suna kuma cewa yaƙinsa mai tsabta ne, yana mutunta fursunoni, kuma Hitler ɗin ne ya sa shi shan guba ranar 14 ga Oktoban 1944 bisa zargin yana da hannu a yunƙurin kashe Hitler ɗin. Ban musa ba. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuwa shekaru ya yi yana askin, Goebbels, ministan farfagandar Hitler, na ɗaukar hotonsa. A Tunisiya, ƙarƙashin mamayar Jamus, an tilasta wa dubban Yahudawa aikin bauta. A gaban El Alamein kuma ya sa an binne nakiyoyi kusan rabin miliyan, Ingilishi ma suka binne nasu. Har yau makiyayan yankin Matruh na Masar na taka su, su da awakinsu.