Masu gidajen haya a Zariya, damina ba baƙuwa ba ce

Haba Alhaji! Ka karɓe kuɗin hayar shekara cif, ko sisi ba ka ɗaga ba, wani ma na shekara biyu yake karɓa, amma da hadari ya haɗo daga gabas sai matar ɗan haya ta hau jera bokitai da robobi a tsakar ɗaki, ana naɗe katifa, ana tashin yara daga barci. Ka zaga Gyallesu da Tudun Wada da Tudun Jukun da Sabon Gari, ko ɗakunan ɗalibai na Samaru da Kongo, a cikin watan Agusta, ka ga wahalar da bayin Allah ke sha a gidan da suka biya. In an kira ka, amsarka ɗaya ce: a yi haƙuri sai ruwa ya ɗauke. Ruwa ya ɗauke a Oktoba, ba a sake jin ɗuriyarka sai ranar karɓar kuɗi.

Abin takaicin, kowa ya san lokacin zuwan damina. Ruwa na farawa wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta, kuma a shekara Zariya na samun kusan milimita 1,000. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan rufin da ya kai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, lita 5,000 ce za ta sauka a kansa, duro 25 ke nan. Wannan ruwan dole ya bi wata hanya. In ba a gyara masa ba, zai nema da kansa, ta ramin ƙusa ko ta gindin bango.

Aikin rufi na watan Maris ne da farkon Afrilu, lokacin da katako ya bushe kuma kafinta zai iya hawa ba santsi. Wuni guda ya isa. A shiga cikin silin da rana tsaka, duk inda haske ya ɓullo nan ruwa zai bi. A hau sama a bi layin ƙusa ɗaya bayan ɗaya, domin zafin bazara na buɗe kwano da rana ya tsuke shi da dare, a haka ƙusa ke ɗagowa kaɗan-kaɗan har ramin ya faɗaɗa. Wadda ta saki a zare ta, a sa ƙusa mai hula da roba a ƙarƙashinta, a lafta wa tsohon ramin kwalta. Kilo biyu na ƙusa da gwangwanin kwalta, shi ne abin da ake yi wa rowa har silin ɗin ɗaki gaba ɗaya ya ruɓe.

Kai ma Malam kafinta ba ka fita ba. A kan tudun kwano ake buga ƙusa, ba a cikin kwarin da ruwa ke gangarowa ba, kuma ka fi kowa sani. Inda kwano ya haɗu da ɗan'uwansa ta gefe sai ya hau tudu ɗaya da rabi, ta tsawo kuma aƙalla inci shida. Amma don a rage falle uku a bandir sai ka ɗora baki da baki, ruwa mai iska ya riƙa komowa ta ƙasa. Katakon da ake buga kwano a kansa kada tazararsa ta wuce ƙafa uku. Uwa uba, ɗaurin rufi da bango. Hadarin farkon damina iska ce zalla, ita ke yaye rufi sukutum ta jefa gidan maƙwabci, kuma abin da ke riƙe shi shi ne rodi ko langalanga da aka binne a cikin linta aka naɗe katakon da shi. Jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano ba ɗauri ba ne. Ganye da ƙura ke taruwa a ƙarƙashinsu, su riƙe lema, tsatsa ta huda wurin kafin damina biyu. Katakon kuma a shafe shi da maganin gara na Solignum ko baƙin mai, in ba haka ba gara ta cinye cikinsa ta bar maka ɓawo.

Sai wannan yayin na ɓoye rufi a bayan bango, da kwatar kankare a sama. Gida ya yi kyau daga titi, amma bututun saukar ruwa ɗaya tal, na inci uku. Leda ɗaya da ganyen darbejiya sun isa su toshe shi, kwatar ta cika ta tumbatsa cikin silin. Silin na POP in ya sha ruwa nauyi yake yi, kuma ba ya sallama kafin ya faɗo a kan mai barci. Irin wannan rufin yana son bututu na inci huɗu a kowace kusurwa, da raga a bakinsa, a kuma share kwatar kafin ruwan farko da tsakiyar damina.

Maganar da ta fi ƙona rai ita ce ta bango. Za ka ga fenti na kumbura yana zubowa daga ƙasa zuwa kamar ƙugun mutum, ga wani farin gari mai kama da kanwa, ɗaki na warin funfuna, takalma da littattafai sun yi kore. Wannan ba daga sama yake ba, lema ce bulo ke zuƙowa daga ƙasa saboda ba a shimfiɗa leda mai kauri ba kafin a zuba daɓe, ko an cika tsakar gida da ƙasa har ta zo daidai da daɓen ɗaki. Ya kamata daɓen ɗaki ya ɗara ƙasar waje da aƙalla inci shida. Me mai gida ke yi? Da ɗan haya ya tashi sai ya kira mai fenti a mulka fentin mai mai ƙyalli a kai, a ƙara kuɗin haya, a sa sabon mutum. Wannan ha'inci ne. Fentin mai yana kulle lemar a ciki, ta ƙara hawa sama. Gyaran gaskiya shi ne a fasa filastar har ta wuce inda lemar ta tsaya da ƙafa ɗaya, a bar bangon ya sha iska ya bushe, a sake filasta da buhun siminti ɗaya a baro biyu na yashi, ba baro huɗu da wasu magina ke yi ba, a zuba garin hana shan ruwa a kwaɓin. Ta waje kuma a zagaye gindin bango da daɓe mai faɗin ƙafa biyu, mai gangara zuwa waje. Yaron da ke kwana a ɗaki mai funfuna tari ba ya barinsa, mai asma kuwa sai dai asibiti. Soket ɗin da ke jikin jiƙaƙƙen bango kuma jan mutum yake yi, ba abin wasa ba ne.

A cikin birni, inda ginin ƙasa ya fi yawa, abin ya wuce asarar kaya, maganar rai ce. Magabata duk shekara suke yaɓe, su shafe soro da makuba, su duba indararo ko ya tsage. Yanzu sai a lulluɓe ginin ƙasa da siminti a ce an huta. Siminti da ƙasa ba sa kama juna. Yana tsagewa, ruwa ya shige ta baya ya jiƙa tubali a ɓoye, daga waje lafiya lau, rana ɗaya katanga ta zauna. Ƙwanƙwasa bangon da hannu, in ya yi ƙarar fanko ya riga ya rabu. Indararo ya fito aƙalla ƙafa biyu daga bango, inda yake zuba a sa dutse ko daɓe, don feshin da ke komowa shi ke cin gindin katanga. Babu bazazzagen da ya manta da 11 ga Agusta 2023, ranar da wani sashe na Masallacin Juma'a na birni ya rufta wa masallata a sallar La'asar, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Gini ne na Babban Gwani, fitaccen maginin Zazzau, da ya tsaya tun shekarun 1830. In irin wannan zai iya faɗuwa, wa zai ga tsaga a bangon ɗakin 'ya'yansa ya ce sai bayan damina?

Mu kanmu mazauna unguwa muna da laifi. Shara da ledar fiya wata ana tura su kwata ana jiran ruwa ya kai su kogin Kubanni. Ba ya kai su, a bakin kwalbati suke tsayawa, ruwa ya dawo ta rariya cikin gidaje, ya cika masai, ya gangara rijiya. Rijiyar da ke kusa da masai, ba ta da marfi, bakinta daidai da ƙasa, ita ke kawo amai da gudawa. A ɗaga bakinta ƙafa biyu, a yi mata daɓe da marfi. Ruwan da ya kwanta kuma, mako ɗaya zuwa kwana goma ya isa sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi.

Ɗan'uwa mai neman haya, kada ka miƙa kuɗi sai ka ɗaga kai ka duba silin ko akwai shacin ruwa, ka shafa gindin bango, ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi a Agusta. A rubuta a takarda, gaban shaidu ko mai unguwa, cewa gyaran rufi da kwata da bango na mai gida ne, zai gama shi kafin ƙarshen Afrilu, in bai yi ba kai ka gyara, ka ajiye rasit, a cire a kuɗin shekara mai zuwa. Wanda ya ƙi sa hannu a wannan, ka riƙe kuɗinka ka ƙara gaba.